Kyaftin Rafi'u da Ƙarshen da Ya Hana Mu Gani

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kallo na Kyaftin Rafi'u, nan bakin kasuwar Roni, ya san yadda ake tashi. An gama yaƙi, an kwashe gawawwaki, baƙon soja ya tsaya gaban sarkin ƙabila zai faɗi wata babbar magana, kowa ya miƙa wuya kamar zakara, sai ka ji ƙas! Akwatin talabijin ya yi ɗif. Kyaftin ya juyo, ya goge hannu a gaban riga, ya ce, "To, shi ke nan. Ya zauna. A tashi a yi La'asar."

Sai zaure ya kaure. "Haba Kyaftin! Saura kaɗan fa!"

"Babu saura. Ya zauna, an ba shi mata, an yanka masa gona. Me kuma kuke so ku gani? Yadda yake cin tuwo?"

A haka muka tsufa. Mutanen Roni mun kalli finafinan yaƙi har idanunmu suka yi ja, amma ban san mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin ƙarshen ko guda a zauren nan ba.

Ni ne Iro Tela. 'Yan majalisarmu ne suka ɗora mini wannan rubutu, wai ni ne mai boko a cikinsu. Bokon nan kuwa a aji huɗu ya tsaya, bai ƙara motsi ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini shago.

Saboda yaran yanzu da ba su san asalinsa ba: Rafi'u Bayarabe ne, daga wani gari can wajen Ilori. Yana saurayi aka ɗauko shi daga Kazaure ya gyara injin niƙa, ya ce jibi zai koma. Jibin nan ce ta kai shekara arba'in da ɗoriya. Rediyo, agogo, fitila, babur, duk abin da ke da waya a ciki ya san hanjinsa. Soja kuwa bai taɓa yi ba, ina so a rubuta wannan da babban baƙi. Mutumin da in ƙadangare ya faɗo masa a kafaɗa sai an ba shi ruwa ya sha! Sunan ya samo asali ne daga fim, don kowane jarumi a wurinsa Kyaftin ne, ko da kuwa kuku ne a bataliya.

Ranar da muka fara haɗuwa ya dubi tsagen Gobir da ke fuskata, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe bawana ya riga ni zuwa." Na ce, "Kai dai ka zo neman ubangidanka, ga shi ka samu." Kun san wasan Gobirawa da Yarbawa. Daga ranar ba mu ƙara gaisawa da mutunci ba, ba mu kuma ƙara cin abincin rana a rabe ba.

Hausa kam ya ji ta har ya fi wasunmu, sai dai harafi ɗaya da ya gagare shi har kabari: ƙ. In an tsokane shi an ce masa baƙo, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Wannan kasa tawa ce!" Ni kuwa sai in ce, "Jama'a ku matsa, Kyaftin ya fara kiwon macizai. Kasar taka tana sara?" Ya yi ta fama, ya cika kumatu, ya runtse ido, ƙarshe dai kasa ce take fitowa.

Zauren nasa ranar kasuwa yake ci, tsakanin Azahar da La'asar. A toshe taga da buhu, a tada ƙaramin janareta a bayan katanga. Samari su roƙe shi ya sa musu na Indiya, ya ce shi ba ya tara mutane su kalli ƙato yana zagaya bishiya. Fim iri ɗaya kawai yake sawa: wanda aka tura soja ya yaƙi wata ƙabila a can wata duniya, a ji masa rauni, mutanen su tsince shi su yi jinyarsa, ya koyi yarensu, ya ci abincinsu, ranar da 'yan uwansa sojoji suka dawo da igwa sai a gan shi a layin masu kwari da baka. Ko a ina aka yi irin wannan fim, ko masu gashin tsuntsu a ka ne, ko masu takobi, ko na cikin ƙungurmin daji, sai Kyaftin ya nemo shi daga Kano.

Shi ne kuma mai fassara. Yana tsaye gefen akwati, riƙe da tsohuwar eriyar rediyo yana nuni. Turancinsa na bayan batir ne, yaren ƙabilun kuwa ko su da suka yi fim ɗin ban tabbata suna ji ba, amma wannan bai taɓa hana shi ba. Janar zai yi dogon jawabi, Kyaftin ya ce, "Wai a kwashe musu shanu, in an tambaya a ce gaisuwa aka je." Sarkin ƙabila ya buɗe baki ya ce kalma ɗaya, sai Kyaftin ya gyara tsayuwa: "Ya ce sannu da zuwa, ya hanya, ya gajiya, ya ka baro mutanen gida, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, kada a cika tsami."

"Kyaftin, kalma ɗaya fa ya faɗa!"

"Yarensu a matse yake."

Kun tuna ranar Arɗo Jaɓɓi? Arɗo daga rugarsu ta wajen Gwiwa yake zuwa cin kasuwa, bai taɓa shiga kallo ba sai ranar da ruwan sama ya koro shi zauren. Ya tsuguna a gaba, sanda a kafaɗa, ya ƙura wa akwati ido. Ana cikin haka sojoji suka cinna wa bukkoki wuta, suka kora garke. Wallahi ban ga lokacin da Arɗo ya miƙe ba, sai ganin sanda na yi a sama. Kyaftin, wannan matsoracin, ya yi tsalle ya rungume akwatin talabijin ya ba da baya.

"Arɗo, ni ka buga! Ni ina warkewa, kwalba ba ta warkewa!"

Da ƙyar aka zaunar da shi. Da aka zo inda ake kashewa aka ce ya zauna, Arɗo ya ƙi tashi.

"Shanun fa?"

"An mayar," in ji Kyaftin, ko ƙiftawa bai yi ba. "Har biyu sun dawo da ciki."

Arɗo ya yi ajiyar zuciya. Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce, "Shi wannan baƙon da ka ce ya zauna, ya iya tatsa?"

"Ba a nuna ba."

"To bai zauna ba tukuna. Ziyara ya zo."

Mu dariya muka yi muka watse. Ashe maganar ta soki Kyaftin. Bayan 'yan kwanaki aka neme shi a shago aka rasa, wai ya hau keke ya tafi ruga koyon tatsa. Da yamma sai ga shi an kawo shi a bayan babur, keken a kan cinyarsa, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Saniyar da aka ba shi, wadda Arɗo ya rantse ko jariri zai tatse ta, ita ce ta aika shi cikin kashin shanu.

Na je dubiya na ce, "Bawana, yaya fagen fama?"

Ya ce, "Saniyar ce ba ta jin Hausa."

"Kai kuma ba ka jin Fillanci."

"Shi ya sa muka rabu da mutunci."

Tun daga nan duk ranar kasuwa ƙwaryar kindirmo na isowa shagonsa daga gidan Arɗo, tare da saƙo guda: saniya tana gaishe shi, tana tambayar yaushe zai dawo.

Mutum ɗaya ne ya taɓa yi masa tawaye a fili, Malam Habu na makarantar sakandare. Ranar an sa wani fim na wani soja da ya zauna da mutanen bakin teku. Aka ji ƙas, aka ce ya zauna, sai Malam Habu ya miƙe.

"Jama'a, ni na ga wannan fim a Kano har ƙarshe. Bai zauna ba. Jirgin ruwa ne ya zo ya ɗauke shi ya koma ƙasarsu, mutanen suna tsaye a bakin ruwa suna kallo."

Kowa ya juyo ya dubi Kyaftin. Kyaftin ya nuna Malam Habu da eriya. "Karya ce! Katuwar karya!"

Na ce, "Malam Habu, yi haƙuri, ba da kai yake ba, wata karya ce ta shigo da 'yan kwikwiyonta."

Aka fashe. Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ce, "Na Kano daban, na Roni daban. A Kano ya tafi, don can kowa sauri yake, ba wanda ya ce masa zauna ka sha ruwa. A nan ya zauna."

Gaskiyar Malam Habu ce, kowa ya sani. Amma mako na zagayowa sai ga shi a layin gaba, aka kashe, ya tashi ya yi alwala tare da mu.

Ni dai abin ya tsaya mini. Washegari muna cin ɗanwake a ƙofar shagonsa, ya kamo wata tasha mai nisa a rediyo, ana ta kiɗan kalangun Yarbawa cikin shuuu da ƙara. Haka yake yi kullum da rana, ya kara kunne, ya daina tauna, idonsa ya tafi wani wuri da ban taɓa zuwa ba. Na bari aka gama, na ce, "Tsakaninka da Allah, me ya sa kake yanke mana?"

Ya ce, "Iro, mene ne sana'ata?"

"Gyara."

"To. In an kawo mini rediyo da waya a juye, sai in mayar wa mai ita haka? Mutum ya ci tuwon mutane, sun wanke masa ciwo, ya yi musu kuka a makabarta, sun yi masa. Sannan jirgi ya yi hon, ya tattara ya bi? Wayar ce aka juya. Ni gyarawa nake."

Na ce, "To kai da kake kara kunne a rediyo kamar maraya fa?"

Ya rage ƙarar rediyon. Can ya ce, "Kunne ne yake zuwa. Ni ina nan. Ci ɗanwakenka, bawan banza."

Zamani ya juya. Waya ta shigo hannun kowa, samari suka koma gidan ƙwallo, zauren Kyaftin ya zama wurin ajiye matattun rediyoyi. Matarsa Larai, 'yar nan unguwar gabas, ta rasu. 'Yarsu ɗaya tana aure a Babura. Ciwon suga ya kama shi, ido ya fara hazo. Sai ga wata rana baƙar mota mai sheƙi ta tsaya a ƙofar gidansa. Wani dattijon mutum ya fito, Alhaji Tajuddin, ɗan yayansa, da babbar riga da komai, ya zube rub da ciki a ƙasa yana gaishe shi. Matan unguwa suka ɗauka faɗuwa ya yi, har wata ta rugo da ruwa.

Alhaji Tajuddin mutumin kirki ne, kada wani ya ce na ce ba haka ba. Yana jin Hausa, don ya daɗe yana sarin albasa a Arewa. Ya tara mu ya yi bayani: dangi sun gina wa Baba ɗaki, ga asibiti kusa, ga jikoki, ga kabarin iyayensa. Ba zai yiwu a bar tsoho shi kaɗai a garin mutane ba, gobe za su kama hanya. Muka dubi juna. Jininsa ne, kuma maganarsa babu ƙarya a ciki. Na koma gida na kasa cin tuwo.

Abin mamaki, Kyaftin bai yi musu ba. Ya ce to. Ya ce ma a buɗe masa motar ya ji yadda kujerar take, kada ta karya masa baya a hanya. Aka buɗe, ya shiga gaba, ya ce a ba shi wuri ya yi addu'a. Ya jima a ciki, ya fito yana gyara hula.

Da safe aka ɗaure kaya, unguwa ta fito, har Arɗo ya zo yana dogara sanda. Muka jeru a bakin titi, sai na tuna mutanen bakin ruwan nan na Malam Habu. Direba ya murɗa makulli. Mota ta yi kyar-kyar-kyar, ta yi shiru. Ya sake. Kyar-kyar-kyar. Aka tura ta har gidan mai aka turo ta, ko tari ba ta yi ba.

Aka kira bakanike. Ku tuna, babu bakanike a Roni da bai koyi riƙe sifana a hannun Kyaftin ba. Na farko ya zo ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe wani ɗan murfi, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi Kyaftin da ke zaune a tabarma. Kyaftin ya yi gyaran murya. Bakanike ya mayar da murfi ya ce, "Alhaji, wannan aikin kwamfuta ne, sai dai Kazaure." Na biyu ya zo ya leƙa, aka yi masa gyaran murya, ya ce shi a ganinsa har Kazaure ma ba za su iya ba, sai Kano.

Kyaftin ya ce tun da tafiya ta ɗan tsaya, a share zaure, zai yi wa baƙonsa kallo na sallama. Muka kwashe rediyoyi, aka toshe taga, aka aro janareta. Tsofaffi muka zauna a inda muka saba, Alhaji Tajuddin a kan kujera a tsakiya, yana ta duba agogo. Kyaftin ya tsaya da eriyarsa, ko fuskokin da ke cikin akwatin ba ya gani sosai.

Aka zo inda janar ya kira baƙon soja cikin tanti. Mun san wurin, mun sha ganinsa, a nan ne ake cewa a kwashe shanu. Ga taswira a kan tebur, ga janar yana ta nuna tsaunuka. Sai Kyaftin ya ce:

"Janar ya ce, Baba, zo mu tafi gida, an gina maka ɗaki, har da fanka."

Sojan cikin akwati ya buɗe baki.

"Kyaftin ya ce, na gode, Allah ya yi muku albarka, kun cika 'ya'ya. Ya ce wallahi ina kewar gida, babu ranar da ba na jin kiɗanku a kunnena. Amma matata tana kwance a bayan dutsen can, na ce mata ina zuwa. Mutanen nan da kake gani, ba su taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. In na hau jirgin nan, wa zai zagi Bagobiri?"

Janar ya bugi tebur, yana ta faɗa. Kyaftin bai fassara ba. Ya miƙa hannu, ƙas. Ranar ko yaƙin bai bari an yi ba.

Babu wanda ya ce saura kaɗan. Alhaji Tajuddin ya sunkuyar da kai. Sannan ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban tsohon, ya kama yin Yarabanci, yana yi yana share ido da hannun riga, yana yi yana nuna mu, yana nuna sama. Har ladan ya fara gyaran lasifika bai gama ba. Da ya yi shiru na ce, "Kyaftin, me ya ce?"

"Ya ce na zauna."

"Haba! Duk wannan dogon zancen?"

"Yarenmu a sake yake."

Alhaji Tajuddin ya yi dariya cikin hawaye, ya miƙa tafin hannu ya ce da Hausa, "To Baba, ba ni abin da ke cikin hularka." Kyaftin ya cire hula, ya zaro wani ɗan jan fiyus na wutar motar, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ya ɗora masa. Mota ta tashi bugu ɗaya. Daga baya kuɗin magani bai taɓa yankewa daga Ilori ba, 'yarsa kuma ta riƙa zuwa daga Babura tana kwana biyu tana komawa.

Damina ɗaya ya ƙara. Ya rasu ranar kasuwa da hantsi, aka kai shi bayan Azahar, kusa da Larai, a gindin dutse. Kasuwa ta watse don jana'izarsa, Fulani, mahauta, 'yan acaba, Malam Habu da furfurarsa. Da aka gama mayar da ƙasa aka yayyafa ruwa, sai Arɗo Jaɓɓi ya matso, ya dogara sandarsa, ya daɗe yana kallon kabarin. Ya ce, "Har ya mutu bai iya tatsa ba." Ya gyara riƙon sandar. "Amma ya zauna."

Wasu suka fara dariya, dariyar ta karye a hanya.

Yanzu jikokina sun ce duk finafinan nan suna cikin waya, in ina so su nuna mini ƙarshen kowanne. Na ce su riƙe abinsu, ni na Roni na kalla. Sai dai ranar kasuwa, in La'asar ta kusa, nakan tsayar da keken ɗinki in kasa kunne wajen zauren nan, ko zan ji ƙas. Ɗanwake ma na rage saye, ya yi mini yawa ni kaɗai.

Ya Allah, ga bawanka Rafi'u nan, baƙonka ne yau. Ƙasar da ya kasa faɗin sunanta daidai ta karɓe shi, ka sa ta yi masa sauƙi, ka yalwata masa ita. Ka gafarta masa, ka gafarta wa Larai, ka haɗa shi da iyayensa da ya yi kewa. Ka ce masa zauna, zaman da babu jirgin da zai zo ɗauka. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka ajiye ni kusa da shi, don akwai zagin da ban gama rama ba. Amin.